Sautin da Mama Hannah Ta Riƙe

Dabai, 11 ga Satumba

Kawu Solomon,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙarfin jiki, yaya mutanen gida a Kaduna? Mu nan lafiya muke. Ruwa bai ɗauke ba tukuna, dawar kan tudu ta yi kyau, ta kwari ce ruwa ya ɗan kwanta mata.

Ba lalle ka gane ni ba. Ni ne Justice ɗan Saloma, jikan Dinah ƙanwar babanka. Sau ɗaya muka haɗu, ranar da aka binne Kaka Dinah, ni na riƙe maka akwatin ƙahonka. Mama ta ce kunnenka ba ya son waya yanzu, abin da zan tambaya kuma sai a takarda. Shi ya sa na ba Jabiru direba, mai zuwa Kaduna duk mako, wannan takarda.

Malamin waƙarmu na coci an ɗauke shi soja a watan Yuni. Da yake ni nake kwafe masa solfa a allo, sai aka ce in riƙe kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocin. Kawu, karatuna bai wuce firamare ba. Aikina noma da gyaran injin niƙa. Ɗan do-re-mi da na sani, a tsohon littafin da ya bari na tsince shi.

Lahadi ta farko a Disamba za mu yi godiyar kaka, dattawa kuma sun ce lalle a rera "Mun Shuka a Kan Dutse" da murya huɗu. Waƙar garin nan ce, ba ta cikin littafin waƙoƙi, ba wanda ya taɓa ganinta a rubuce. Muryar sama kowa ya san ta, sauran kuwa kowa kunnensa yake bi. Na zauna na rubuta sofrano, na ɗora alto da tena da bes yadda na iya. Ga takardar nan a ciki.

Ainihin damuwata Mama Hannah ce. Ta haura saba'in, ta fi kowa daɗewa a kwaya. Layi na ɗaya da na biyu lafiya take bi. Da an shiga na uku, inda ake cewa "ko da hanya ta yi nisa", sai ta zame. 'Yan alto takwas suna kan sautin fa, ita tana wani wuri dabam, ƙarar kamar bel ɗin inji ya saki yana gogar ƙarfe. 'Yan mata sai su sunkuyar da kai suna dariya. Shugabar kwaya, Madam Margaret, ta ce kwamiti ya yanke magana: kafin godiya Mama Hannah ta mayar da zanen kwaya ta koma zama cikin jama'a, kuma ni malamin waƙa ni zan faɗa mata.

Bakina ya kasa. Matar nan ita ta goyi mamana. Ina ganin in ka sauƙaƙa mini alto na layi na uku, wataƙila ta iya bi, a ƙyale ta. Ka taimake ni.

Ɗanka,
Justice

Kaduna, 22 ga Satumba

Ɗana Justice,

Takardarka ta same ni lafiya. Na tuna ka sarai, kai ne dogon nan da ya rungume akwatin ƙaho kamar an ba shi jariri. Ka gai da Saloma. Jiki da sauƙi, sai idon dama da yanar ido ta fara rufewa.

Waƙar ban san ta ba. Ina ɗan shekara shida Baba ya fita da mu daga Dabai, a bariki na girma. Amma shekara talatin da biyu na yi a bandar soja, cikin makaɗa da mabusa, takarda ba ta ɓoye mini abu.

Ba ka yi laifi sosai ba, ga wanda ya koya wa kansa. Babban cikas ɗinka bes. Yana bin sofrano kamar kurtu a bayan hafsa, ta hau ya hau, ta sauka ya sauka. Ka sake shi. In sama ta hau, ƙasa ta sauka ko ta tsaya. Na sa maka jan biro a wuraren.

Layi na uku ban taɓa shi ba, ba kuma zan taɓa ba. Dubi yadda sofrano ya ƙare shi: ti, la, so. Ya zauna a kan so ya miƙe ƙafa kamar wanda ya iso masauki. Wannan ya sa ni zargi, amma ba na yanke hukunci da shaida ɗaya.

Ka amsa mini wannan. Tsohuwar nan, wuri ɗaya take zamewa kullum, ko yau nan gobe can? Ka je ka rubuto mini abin da take rerawa, sauti bayan sauti. Kada ka ƙara aiko mini layi na uku sai da nata a ciki.

Kawunka,
Solomon

Dabai, 2 ga Oktoba

Kawu,

Ina fata kana lafiya, da ido. Mama tana amsawa. Mun fara cire gyaɗa.

Na gyara bes yadda ka ce. Ranar Alhamis da yamma muka gwada, sofrano na hawa, maza na sauka. Kawu, ban san haka abin yake ba. Sai na ji waƙar ta yi faɗi, kamar an rushe bangon da ke tsakanin ɗaki biyu. Wani ɗan bes ya tsaya tsakiyar layi ya ce, "Malam, mu ne muke wannan?" Na gode ƙwarai.

Amma maganar Mama Hannah, ka yi haƙuri, kai ba ka ji ta ba. Gaskiya wuri ɗaya take zamewa kullum, a kan kalmar "nisa". Na matsa kusa da ita na saurara. Ba sautin fa ba ne, ba na so ba ne, tsakiyarsu take ratayewa. Littafina sunayen sauti bakwai ne a cikinsa, daga do zuwa ti. Abin da ba shi da suna, yaya zan rubuta shi? Ina ganin tana son kaiwa so ne, ƙarfi ya gaza mata.

Madam Margaret ta tare ni bayan sujada. Ta ce, "Justice, ka faɗa mata ko in faɗa mata? In ni na faɗa, ba zai yi daɗi ba." Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Lokaci yana tafiya, Kawu. Ni amsa na roƙa, ka aiko mini da tambaya. In ba za ka iya taimaka mini a kan layin nan ba, ka faɗa mini kawai in san abin yi.

Justice

Dabai, 29 ga Oktoba

Kawu Solomon,

Ina gaishe ka da girmamawa. Mako huɗu ke nan Jabiru yana dawowa hannu wofi. Ya ce ƙofarka a rufe yake samu, sai ya ba maƙwabci takardar. Na sake tuna abin da na rubuta a ƙarshen waccan takardar, kunya ta kama ni. Ba haka ake yi wa babba magana ba. In shi ne ya sa ka yi shiru, ka yafe mini. Ko ba za ka amsa ba, ka karanta wannan.

Ranar Talata na je gidan Mama Hannah don in faɗa mata. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ko zama ban yi ba ta ce, "Ɗan Saloma, ka daɗe a hanya. Tun watan jiya nake jiranka." Ta shiga ɗaki ta fito da zanen kwaya, a wanke, a goge, a ninke. Ashe ta sani.

Na ce, "Mama, kafin in karɓa, ki rera mini layi na uku."

Ta ce, "Don kai ma ka yi dariya?"

Na ce, "Don in ji."

Ta rera. Na ce ta sake. Sau biyar ta yi. Kawu, ni mai gyaran inji ne. Injin da ya lalace ba ya yin ƙara iri ɗaya sau biyar. Ita kuwa duk biyar ɗin wuri ɗaya ta taka, ba rawar murya, kamar mai ɗora ƙafa a kan dutsen da ta saba takawa a rafi.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Da yarenmu ta ba ni labarin, ni na mayar maka da Hausa. Tana 'yar shekara goma sha huɗu wani malamin makaranta ya shirya waƙar, ya koya musu murya huɗu da baki, ba takarda. Shekara na zagayowa aka fara yaƙin basasa. Mazan kwaya suka shiga soja, tena da bes a mota ɗaya suka tafi. Malamin ya rasu. 'Yan alto kuma aure ya kwashe su, wata Danko, wata Kanya. Waɗanda suka zo daga baya kunne suka bi. Ta ce, "Ni abin da aka ba ni shi na riƙe. Ba wanda ya zo ya ce in ajiye, sai yau."

Daga gidanta coci na wuce, na buɗe kibod. Malaminmu ya manna sunaye a kan fararen maɓallai, su kaɗai nake taɓawa. Na nemi sautinta a cikinsu, babu. Sai na sa yatsa a kan baƙin da ke tsakanin fa da so. Shi ne. Yana nan zaune tun ranar da aka kawo kibod ɗin.

Na danna shi tare da la na sofrano, na shiga neman abin da zai zauna a ƙasa. Do bai yi ba. Mi bai yi ba. Da na taɓa re, sai ya yi. Sautukan uku suka karkata gaba ɗaya suna neman so, da na ba su shi kuwa suka zauna. Ka san in ka hau dutsen bayan gari karon farko, ka ga ashe akwai gonaki da gidaje a wancan gefen, mutane suna ta harkarsu ba ka sani ba? Haka na ji.

Ga alto ɗinta duka, layi huɗu. Inda ba ni da suna na zana ɗan gicciye. Zanen kwayar nata yana cikin akwatina, ban kai wa Madam Margaret ba. Na ce mata Mama Hannah ta ba ni, amma ina roƙon ta bar shi a hannuna tukuna. Ta ce, "Kai dai ka cika jan rai."

Ban san abin da na gani ba, Kawu. Na dai san ba tsufa ba ne.

Ɗanka,
Justice

Kaduna, 8 ga Nuwamba

Ɗana,

Wane irin fushi? Sajan-manjo ya zage ni shekara goma ban yi fushi ba, sai kai? Aikin ido aka yi mini, na yi mako biyar a gidan 'yata, an hana ni karatu. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardunka biyu. Ta farkon ta ba ni dariya. Ta biyun ta hana ni cin abinci.

Gicciyenka yana da suna. Fe ake ce masa, fa ne da aka ɗaga kaɗan.

Ka saurara. Kowace waƙa tana da gida, wato inda do yake zaune. 'Yan banda kii suke cewa, ni gida nake koya wa yara. Wata waƙar takan tashi daga gidanta ta je wani na ɗan lokaci. Da fe ya shigo, kunne ya daina jin so a matsayin so, sai ya ji shi do. Waƙarku a layi na uku ƙaura take yi. Mama Hannah kaɗai ke tafiya da ita, sauran kuna zaune a tsohon gida kuna ce mata ta ɓace.

Ga yadda ake rubutawa. A farkon layin ka samu sautin da gidajen biyu suke da shi. Mawaƙi ya shige shi da tsohon suna, ya fito da sabo. So ya zama do, ti ya zama mi, re ya zama so. Gada ake ce wa wannan. Murya ba ta motsa ba, suna ne ya sauya. In ka haye, fe ɗinta ti ne kawai na sabon gida. A layi na huɗu kuma a sauke shi ya koma fa, a dawo.

Yanzu abin da ya hana ni cin abinci. Na zauna gaban fiyano da sofrano ɗinka da alto ɗinta, ina neman bes bisa ƙa'ida. Ban kai rabin layi na biyu ba hannuna na hagu ya riga ni, yana tafiya shi kaɗai. Justice, na san wannan bes ɗin. Babana Ishaya, duk safiyar Asabar in yana goge takalmin soja a ƙofar ɗakinmu na bariki, wani gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, ba kalmomi. Mu yara muna ce masa waƙar takalmi. Mun ɗauka shirme ne, don ba ta da kan waƙa. Yau shekara arba'in da rasuwarsa. Na buga ta daga farko har ƙarshe a ƙarƙashin alto na matar nan, ko wuri ɗaya ba su yi karo ba.

Na rubuta maka ita yadda yake yi. A farkon layi na huɗu yakan ɗan tsaya kafin ya sauka, muna cewa yawu yake tofa wa takalmi. Ƙa'ida ba ta ce dole ba, amma na bar tsayawar. In ta dame ka, ka share.

Tena ba ni da shi, ina jin ya tafi da masu shi. Kai za ka rubuta. Kada ka roƙe ni.

Ka durƙusa ka gaishe mini da Mama Hannah.

Kawunka,
Solomon

Dabai, 20 ga Nuwamba

Kawu,

Mun gode wa Allah da aikin ido ya yi kyau. Takardarka sau nawa na karanta, ban ƙirga ba.

Maganar gada ta ba ni wuya kwana uku. A gona na gane ta. Ina shekara ta huɗu a golmo, noman da nake yi wa iyayen yarinyar da zan aura. In mun jeru muna aiki muka kai ƙarshen gona, na bakin gefe ba ya ɗaga ƙafa, sauran ne ke zagayo shi. Ɗazu shi ne na ƙarshe, yanzu shi ne na farko, alhali yana nan inda yake. Da na faɗa wa 'yan bes haka, suka ce, "To Malam, da ka faɗa tun farko mana!" Duk sun yi golmo. Ba su ƙara faɗuwa a gada ba.

Ranar Asabar Mama Hannah ta zo koyon waƙa da kayan gida, ta zauna a bencin jama'a. Na sa maza su yi bes na babanka su kaɗai. Ba su gama layi na biyu ba ta miƙe tsaye. Ta ce, "Wa ya ba ku wannan? Wannan na Ishaya ne." Na ce ɗansa ne ya aiko daga Kaduna. Ta koma ta zauna, ta rufe baki da hannu.

Amma ba a gama ba. 'Yan matan alto sun koyi fe, ya yi musu daɗi, sun ƙi sake shi. Har a layi na huɗu shi suke yi. Sai waƙa ta tafi ta kasa dawowa, bes su ƙare a wani wuri, sofrano a wani. Madam Margaret, wadda ita ma alto ce, ta naɗe hannu ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina rera fa a waƙar nan ba wanda ya ɓace. Yau mai gyaran inji ya zo da sabon abu, ga shi kowa ya shiga daji." Ta ce Asabar ta ƙarshe kafin godiya, in waƙar ba ta tsaya ba, a koma yadda aka saba, in kuma kawo mata zanen.

Ga tena da na rubuta. Ban ce ka gyara ba. Ka dai duba.

Ɗanka,
Justice

Dabai, 4 ga Disamba

Kawu Solomon,

Ina gaishe ka, ina kuma fata ido yana ƙara washewa. Jiya muka yi godiya. Bari in bi da kai daki-daki.

'Yar takardarka ta iso ranar Juma'a, da jan biro wuri ɗaya: tena a ƙarshen layi na uku ya sauka daga do zuwa ti, kada ya hau. Mama Hannah ta riga ka da kwana ɗaya. Ranar Alhamis ta tsayar da mu daga bencinta ta ce, "A nan saukowa yake yi. Wana ne yake rera shi, a bayan kunnena yake tsayawa." Wan nata bai dawo daga yaƙi ba. Ita ba ta san sunan sauti ko ɗaya ba, kai ba ka taɓa jin tena ɗin ba, ga shi kun nuna wuri ɗaya.

A ranar Alhamis ɗin na lura da wani abu. In Madam Margaret ta yi fushi ta yi shiru, muna ɓacewa a layi na huɗu. In ta manta ta sa baki, muna dawowa. Sau uku na gwada.

Ranar Asabar na kawo zanen a leda na ajiye a kan tebur. Na ce, "Madam, roƙo ɗaya. Mu yi sau biyu. Na farko ki yi shiru, na biyu ki shigo a layi na huɗu da fa ɗinki, da ƙarfi yadda kika saba." Ta ce, "Yi abinka mu tashi." Na farko muka watse kamar kullum. Na biyu, da ta saki fa ɗin nan, sai ka ce an ja akala. 'Yan mata suka bi ta, bes suka sauka, duk muka iso do tare.

Na ce, "Madam, fa ɗinki ba kuskure ba ne. Shi ne ke dawo da mu. Kin dai riga lokaci da layi ɗaya. Mama ce ke fita da mu, ke ce ke maido mu. In ɗaya ta zauna a benci, waƙar nan ba ta tsayawa."

Sai ta juya ta ce, "Mama, to rera mini naki in ji da kyau, tun da ban taɓa saurara ba." Mama Hannah ta rera. Madam Margaret ta gwada, ta faɗi, ta sake, ta faɗi. Mama Hannah ta ce, "Ɗaga kaɗan, 'yata, ba dutse za ki hau ba." Kowa ya yi dariya, har da ita. A na huɗu ta samu. Ta je tebur ta buɗe ledar da kanta, ta warware zanen, ta ɗaura wa Mama Hannah a gaban kowa. Ba a ƙara maganar kwamiti ba.

Jiya coci ya cika, dammunan dawa jingine har bakin bagade. Layi na ɗaya da na biyu jama'a suna bin mu kamar kullum. Da muka kai "ko da hanya ta yi nisa", alto tara suka ɗaga tare, bes na babanka ya tare su daga ƙasa, tena ya sauko. Kawu, jama'a suka daina rerawa. Na juya baya gare su, amma na ji shirun a wuyana. Hannuna yana ba da lokaci, ni kuwa ji nake kamar ba ni nake bi da waƙar ba, ita take ɗauke da ni. Sa'an nan layi na huɗu, "Kai ne ka maido mu", fa ya sauka, muka iso. Fasto ya tashi zai yi magana, ya tsaya riƙe da Littafi, ya ce a sake rerawa tukuna.

Na kwafe muryoyin huɗu sau uku. Ɗaya a coci, ɗaya a akwatina, ɗaya ga ta nan taka.

Tsayawar nan ta babanka ban share ba. Bayan sujada na ba Mama Hannah labarin waƙar takalmi, da yadda kuke cewa yawu yake tofawa. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in rubuta maka wannan, kada in sauya ko kalma ɗaya:

"Ka gaya wa ɗan Ishaya, babansa ba yawu yake tofawa ba. A wurin nan bes ba ya sauka sai alto ta sauka. Ni yake jira."

Ɗanka,
Justice